FASHIN BAƘI: Yadda ake gane lalacewar boris a tsohuwar mota tun kafin taya ta fice

A kan manyan hanyoyin Arewa, daga Kano zuwa Kaduna ko daga Zariya zuwa Funtuwa, ba baƙon abu ba ne a ga mota ta durƙusa a gefen titi, tayarta ɗaya can cikin gona. Idan abin ya zo da sauƙi, za a tarar da fasinjoji a inuwa suna mayar da numfashi. Idan kuma ya zo da ƙarar kwana, sai dai a ji a rediyo cewa taya ta cire, mota ta ƙwace wa direba.

Abubuwa uku ne suka fi raba taya da jikin mota: notin da ba a ɗaure da kyau ba, da bol-join da ya tsinke, da kuma boris da ya cinye. Na ukun yana da wata ɗabi'a tasa, domin kusan koyaushe yakan yi gargaɗi. Yakan shafe makonni, wani lokacin ma watanni, yana kuka kafin ya ƙone. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Gane wannan kukan ba ya buƙatar kwamfuta ko tsadadden kayan aiki. Kunne da hannu da jak sun isa.

Aikin boris a ƙafar mota

Taya tana ɗaure ne a jikin cibiya, wadda kanikawa ke kira hob. Ita cibiyar dole ta juya, alhali ƙarfen da ke riƙe da ita a jikin mota yana tsaye. Boris ne ke tsakanin mai juyawa da marar juyawa. Zobba biyu ne na ƙarfe mai tauri, na ciki da na waje, a tsakaninsu akwai ƙwallayen ƙarfe ko 'yan sanduna masu gangarawa, da keji da ke hana su gugar juna, da giris, sai kuma robar da ke rufe bakin don kada giris ya fita ko ƙura ta shiga. Ita ce ake kira sil.

Fasahar ta haura shekara ɗari. A 1898 Henry Timken ya yi wa boris mai sanduna masu siririn kai rajista a Amurka, a 1907 kuma aka kafa kamfanin SKF a ƙasar Suwidin kan ƙirar injiniya Sven Wingquist. Har yau sunayen nan biyu suna kan kwalayen da ake sayarwa a kasuwa.

Aikin da wannan ɗan ƙarfe yake yi ba kaɗan ba ne. Tayar ƙaramar mota mai lamba 195/65R15 kewayenta kusan mita biyu ne, wato tana juyawa sau 500 a kowace kilomita. A gudun kilomita 100 cikin awa ɗaya, juyi 14 ke nan a daƙiƙa guda. Tafiya ɗaya daga Kano zuwa Kaduna ta haura juyi 100,000, kuma duk nauyin mota da mutane da kaya yana kan boris ɗin ƙafafun nan huɗu.

Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne boris mai kyau yakan kai kilomita 130,000 zuwa 160,000. Akasarin motocin da ake shigowa da su Najeriya sun riga sun cinye wannan zangon tun a ƙasarsu. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Saboda haka motar da ake yi wa murna a matsayin sabuwa a Kano ko Sakkwato, sau da yawa boris ɗinta ya tsufa tun kafin ta sauka daga jirgin ruwa.

Abin da ke gaggauta mutuwarsa

Na farko shi ne lodi. Injiniyoyi suna da lissafin da suke auna rayuwar boris da shi, kuma lissafin ba ya tafiya daidai da yadda hankali zai ɗauka. Idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau biyu, rayuwarsa takan koma kashi ɗaya bisa takwas. Ko da ƙarin rubu'i kawai aka yi, rayuwar takan ragu da kusan rabi. Golf da aka ƙera don mutum biyar har da direba, a tasha ana zuba mata fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, a cika but da buhuna har ya ƙi rufuwa. Direban yana neman balas ɗin mai mota da kuɗin mai ne, amma boris ɗin baya ne ke biyan bashin.

Na biyu shi ne rami. Idan taya ta faɗa rami da gudu, ƙwallayen kan daki zoben da ƙarfi har su bar masa 'yan lotsattsun wurare da ido ba ya gani sosai. Daga nan duk juyi sai sun bi ta kan wannan tabon, suna ƙara faɗaɗa shi, har fuskar ƙarfen ta fara ɓarewa.

Na uku ruwa ne da ƙura. Cibiyar da ta yi zafi saboda tafiya, idan ta nutse cikin ruwan da ya kwanta a titi da damina, iskar da ke cikinta takan huce ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta bakin sil. Giris ya gauraya da ruwa, tsatsa ta kama. Da rani kuma ƙurar hunturu da yashi kan shiga ta sil ɗin da ya tsage, su mayar da giris abin goge ƙarfe.

Na huɗu shi ne hannun wanda ya ɗaura. Boris da yawa tun a gareji ake kashe su, ranar da aka sa su, kamar yadda za a gani a gaba.

Yadda ake gane shi

Alamar farko ita ce gurnani mai kama da ƙarar jirgin sama daga nesa, wanda yakan fara bayyana idan mota ta ɗauki gudu, yana ƙaruwa da ƙaruwar gudun. Hanyar raba shi da ƙarar inji mai sauƙi ce. A titi marar cunkoso, idan aka sa mota a firi na ɗan lokaci, ƙarar inji za ta sauka, amma ta boris za ta ci gaba yadda take, domin gudun taya take bi.

Sanin ɓangaren da abin yake shi ne mataki na biyu. Idan mota ta karkata hagu, nauyinta yakan koma kan ƙafafun dama. Idan ta karkata dama, ya koma na hagu. Don haka idan gurnanin ya ƙaru a kwanar hagu, ya ragu a ta dama, galibi boris ɗin dama ne ya gaji. Wannan gwajin a matsakaicin gudu ake yin sa, a hankali, inda babu wasu motoci. Manuniya ce kawai, sai an tabbatar da ita a kan jak.

Akwai ƙararraki da ke ruɗar mutane har su sayi boris ba gaira ba dalili. Tayar da ta ci ba daidai ba ita ma tana gurnani, sai dai nata yakan canja idan an sauka daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi, kuma yakan bi tayar idan an mayar da ita daga gaba zuwa baya. Shaf ɗin gaba da ya lalace ƙas-ƙas-ƙas yake yi idan an murɗe sitiyari gaba ɗaya ana tafiya a hankali. Ƙarar birki kuwa takan canja ko ta ɗauke da zarar an taka shi.

Bayan an ɗaga mota a wuri mai tauri, an tokare sauran tayoyin, sai a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, ko dai boris ne ko bol-join. Ana raba gardama ta hanyar sa wani ya danne birki a sake girgizawa: idan wasan ya ɓace, boris ne; idan yana nan, matsalar tana wani wurin. Wasan da ake ji idan an kama tayar hagu da dama kawai ya fi nuni ga tayarod. Daga nan sai a juya tayar da hannu ɗaya, a ɗora ɗayan a kan sifirin. Boris mai lafiya shiru yake juyawa. Wanda ya lalace yakan aiko da gurzawa da ake ji a tafin hannu ko da kunne bai ji ba.

Rashin wasa ba hujja ba ce ta lafiya. Boris na zamani da aka rufe daga masana'anta yakan daɗe yana kuka ba tare da ya yi wasa ba. Zafi ma shaida ne: bayan tafiya, idan cibiya ɗaya ta fi 'yar'uwarta ta ɗaya gefen zafi sosai, akwai magana, sai dai birkin da ya riƙe shi ma yana kawo irin wannan zafin. A motocin da ke da ABS, fitilarsa kan kunna idan wasan boris ya hana na'urar ƙirga juyin taya karatu daidai.

Matakin ƙarshe shi ne gurnani ya koma ƙarar niƙa, sitiyari ya fara rawa, a ji warin ƙonewar giris, birki ya riƙa zurfi saboda faifansa yana lilo yana tura abin matse shi baya. Motar da ta kai nan ba ta da sauran tafiya sai a kan motar janwe. Idan aka matsa mata, ƙarfen kan yi ja, ya kama, ko dai taya ta ƙame a tsakiyar gudu ko ta fice gaba ɗaya.

Iri uku, aiki uku

Kafin a taɓa komai, dole a san cewa jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Mota tana buƙatar ƙafar ƙarfe ko katako mai ƙwari a ƙarƙashinta. Idan an cire abin matse birki, a rataye shi da waya. Barin sa yana reto a jikin tiyon mai kan raunana tiyon.

Iri na farko shi ne mai sanduna da ake kwancewa a wanke, a sa sabon giris, a daidaita da noti. Shi ne a ƙafafun baya na Golf 2 da Golf 3, da ƙafafun gaba na Marsandi 190 da tsofaffin Hiace. Kowace ƙafa tana da biyu, na ciki da na waje. Ana cire murfin ƙura da abin kulle noti da notin, a zaro cibiyar, a fitar da tsofaffin zobban, a wanke wurin tas. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a sa sabbin sanduna a bar tsohon zobe saboda fitar da shi da wuya. Tabon tsohon zoben zai cinye sabon cikin ɗan lokaci. Dole a canja su tare, a cusa giris mai jure zafi har cikin keji, a sa sabon sil.

Ɗaurin notin wannan irin shi ne ma'aunin ƙwarewar makanike. Ana ɗaure shi ana juya tayar don komai ya zauna, sannan a sassauta, a mayar da shi da ƙarfin yatsu kawai, a bar ɗan sarari da bai wuce kaurin gashin kai ba. A Golf sai a kulle da sabon fil. Wanda ya ɗaure shi tamau yana ganin ya kyautata, ya shirya masa ƙonewa ne.

Iri na biyu shi ne rufaffe da ake matsawa cikin ƙarfen ƙafa. Shi ne a gaban Corolla da Camry da Accord da Golf na shekarun baya. Ba a buɗe shi, ba a ƙara masa giris. Ana kwance babban notin shaf, a sauke ƙarfen ƙafar gaba ɗaya, a fitar da cibiya da zoben kulle, sannan a tura tsohon waje da injin matsi. Wajen sa sabo, ƙarfin matsi a kan zoben waje kaɗai ya kamata ya sauka. Wajen mayar da cibiya kuma, zoben ciki ake tokarewa. Idan ƙarfin ya ratsa ta kan ƙwallayen, za su lotsa zoben irin yadda rami ke yi.

A nan ne guduma ke yin ɓarna. Garejin da ba shi da injin matsi yakan buga boris da guduma har ya shiga, mota ta fita shiru, bayan wata biyu ko uku kuka ya dawo, a ɗora laifin a kan mai sayar da kaya. Kai ƙarfen ƙafar wurin masu injin matsi ƙarin kuɗi ne kaɗan idan aka kwatanta da sake aikin. A wasu motocin ma, gefe ɗaya na boris ɗin yana ɗauke da maganaɗisun da ABS ke karantawa. Idan aka juya shi, fitilar ba za ta mutu ba.

Babban notin shaf shi ke matse zobban ciki wuri guda, don haka ƙarfin ɗaurinsa a rubuce yake. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, alal misali, 216 Nm ne. Sipana mai awon ƙarfin ɗauri ce ke tabbatar da haka, ba hawa kan dogon bututu da ƙafa ba. Sabon noti ake sawa, a dasa bakinsa cikin tsagin shaf, kuma ba a tura mota kafin a ɗaure shi. Tun da an sauke ƙafa, ya kamata a duba saitinta bayan an gama.

Iri na uku shi ne wanda boris da cibiya suka zo a haɗe, ana ɗaure su da ƙusoshi masu noti, kamar na bayan Corolla da Camry da Sienna na shekarun 2000. Ya fi tsada, amma ya fi sauƙin sawa, matuƙar an kankare tsatsar mazauninsa don ya zauna daidai. A iri na biyu da na uku ba dole ba ne a canja gefe biyu tare, amma wajibi ne a gwada ɗaya gefen, tun da hanya ɗaya suka bi.

Araha ba ta ado

Duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, zai tarar da zaɓi uku: sabo na asali, da sabo mai araha, da na hannu da ake kira na Beljiyam. Sunayen da aka sani su ne SKF da FAG da Timken da NSK da NTN da Koyo, kuma su ne masu jabu suka fi kwaikwaya. Matsalar ta kai har ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya ta buɗe gangami na musamman a kanta, SKF kuma ya fitar da manhajar waya da ake tura masa hoton kaya don tantancewa. Jabu yakan zo da kwali mai kyau, amma ƙarfensa ba shi da tauri, giris ɗinsa ba ya jure zafi.

Tattalin arziki ya ƙara tura mutane ga mai arahar. Kafin Yunin 2023 ana sayar da Dala kusan Naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Wannan tashin ya fara ne makonni kaɗan bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kayan da ake sayowa da Dala suka yi tashin gwauron zabo a daidai lokacin da mai ya cinye ribar direba. Na Beljiyam kuwa, ko da na asali ne, babu wanda ya san kilomita nawa suka rage masa. Abin da mai mota zai iya yi shi ne ya sayi kaya da lambarsa, a wurin dilan da aka sani, ya karɓi rasit, ya yi shakkar duk farashin da ya faɗi ƙasa da hankali, ya kuma nemi a nuna masa tsohon da aka cire.

Inda hukuma ta shigo

A Birtaniya, motar da ta kai shekara uku dole a yi mata gwajin lafiya duk shekara, kuma girgiza taya don duba boris yana cikin gwajin. A Najeriya ma akwai takardar shaidar lafiyar mota da jami'an VIO na jihohi ke bayarwa. Legas da Abuja suna da cibiyoyin gwaji na kwamfuta, amma a wurare da dama takardar tana fitowa ne tare da sabunta sauran takardu, ba tare da an ɗaga motar ba. Gwajin da bai wuce minti biyar ba shi ne ake tsallakewa.

Hana shigowar jabu aikin hukumar SON ne. Dokar kare masu sayayya ta 2018 ta ba wanda aka sayar wa kaya marar inganci damar kai ƙara ga hukumar FCCPC. Gyaran ramukan hanyoyin tarayya yana kan FERMA, wadda aka kafa a 2002. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kusan kilomita 375, an ba da kwangilar sake gina ta a Disamban 2017, amma a ƙarshen 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba tare da an kammala shi ba. A duk waɗannan shekarun, masu motoci ne suka riƙa biyan kuɗin jinkirin a gareji.

Alƙaluma ma ba sa nuna girman matsalar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana kasa musabbabin haɗurra gida-gida: gudun wuce sa'a, fashewar taya, tsinkewar birki, lodi fiye da ƙima, lalacewar hanya, matsalar kayan mota da sauransu. Boris ba shi da gida nasa, don haka yakan ɓace a cikin waɗannan. Jimillar kanta akwai giɓi a cikinta: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 40,000 suka mutu a hanyoyin Najeriya a 2016, alhali adadin da hukuma ta rubuta bai wuce dubu biyar da 'yan kai ba.

Akasarin matasa ba su da mota, amma su ne ke cika motocin haya a hanyar makaranta da hidimar ƙasa da neman aiki. Fasinjan da ke kujerar baya ya fi direba jin gurnanin boris ɗin baya, domin a kansa yake zaune. Idan ƙarar tana hawa da gudu, tana canjawa a kwana, yana da hujjar cewa, "Direba, don Allah a tsaya a duba ƙafar nan." Idan aka ƙi saurarensa, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma sauka a gari na gaba ya fi arha.